Kaushin hunturu da man da likita ke rubutawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan buji ya turnuƙe, kusan magana ɗaya nake ji a bakin tagar da nake ba da magani a nan Tudun Wada: "Malam, a ba ni man kaushi mai ƙarfi." Mutanen Doguwa da Riruwai, inda sanyin tsauni ya fi namu cizo, kan zo da ƙwauri fari fat yana ɓarewa. Masu noman rani a gefen Tiga kuma, da ke wuni ƙafa cikin ruwa da laka sannan iska ta busar, faso ne ke kawo su, wani har da jini a diddige. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma na san abin da akasarinsu ke nema: ƙaramin bututun nan da ake cewa mai aiki uku.

Ku juya bayan kwalinsa ku duba. In kun ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, to sitiroyid ne, maganin kumburi da ƙaiƙayi. Ba ya mayar wa fata ruwan da ta rasa. Kwana biyu ƙaiƙayi zai lafa, mutum ya ce ya dace, sai ya zarce wata da watanni. A hankali fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta keto a cinya da hammata, wurin ya yi haske dabam da sauran jiki. In kuma dama makero ne, sai ya ɓoye kamanninsa ya bazu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwar da ke zuba shi cikin man kaɗe tana shafe jariri da shi kullum bayan wanka. Fatar jariri na zuƙe maganin ya shiga jini. Na taɓa riƙe hannun wata jinjira da fatar wuyanta ta zama kamar takardar da ta sha ruwa, uwar kuma tana ce mini, "Wallahi Malam, gata nake yi mata." Gata ta nufa, ban yi shakka ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata ne.

Saman fatarmu yana riƙe ruwa ne da taimakon maiƙo da wasu sinadarai da jiki ke yi da kansa, cikinsu har da yuriya da laktik asid. Busasshiyar iska, ruwan wanka mai tururi, sabulu mai kaifi da dirzar soso suna kwashe su. Shi ya sa idan bazilin da man kaɗe sun gaza, likita kan rubuta mai ɗauke da waɗannan sinadaran. Mai yuriya kashi 10 cikin 100 yana jawo ruwa ya riƙe a fata. Mai kashi 20 zuwa 40 na tausasa kaushi mai kauri ne, irin na diddige, ba na shafe jiki duka ba. Akwai kuma ammonium lactate kashi 12, wanda ake shafawa sau biyu a rana ga masu fata mai saɓa, har da waɗanda aka haifa da ita haka, abin da likitoci ke kira ichthyosis. 'Yan uwana manoma, ku yi mini alfarma: yuriyar buhun taki ta gona ce, kada a dama ta da mai a shafa.

Yawancin masu dawowa su ce mini man likita bai yi ba, idan na bi diddigi sai in tarar a wajen shafawa aka samu matsala. A shafa shi da fitowa daga wanka, jiki da sauran danshi, bayan an tsane da tawul ba tare da gogewa ba. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai. Kada ya taɓa ido ko leɓe, kada kuma a sa shi cikin buɗaɗɗen faso, don zai yi raɗaɗi sosai. A fara rufe tsagar da bazilin a sa safa da dare har ta haɗe. Ammonium lactate yana sa rana ta fi cin fata, saboda haka mai zuwa gona ya rufe inda ya shafa. Aikinsa na makonni ne, kuma mai ichthyosis in ya daina, saɓar za ta dawo. Yara ƙanana da masu juna biyu, sai da sanin likita.

Ba kowane kaushi ne na hunturu ba. In damina ta faɗi fata na nan a bushe, ko ƙaiƙayi ya hana barci alhali ba ƙurji, a gwada suga, a duba ƙoda da maƙoƙo. Ƙaiƙayin dare da ya kama gida duka, da ƙuraje a tsakanin yatsu, ya fi kama da ƙazuwa, maganinta dabam, kuma kowa a gidan sai ya shafa. Tabo mai haske da ba ya jin taɓi na iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa daga ita, maganinta kuma kyauta ne. Baba mai ciwon suga, don Allah a ajiye reza. Yankan kaushin diddige da ita ya jawo wa mutane gyambon da ya ƙare da yanke ƙafa.

A fara da asibitin da ke kusa, Tudun Wada ko Doguwa, Kiru ko Bebeji. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Kano, asibitin Bela ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin fata. Ranar zuwa a haɗa duk bututun da aka taɓa shafawa a leda, har waɗanda suka ƙare, a nuna wa likita.