DARASI: DON ME AKE HUKUNTA MAI LAIFI?

Ranar kasuwa, ko a Matankari ko a Tibiri, da an yi kuwwar ɓarawo sai jama'a su taru. Wannan ya ɗauko sanda, wancan ya ɗauko dutse. Kafin jandarma su iso, wani lokaci an riga an karya mutum. Wani lokaci kuma sai daga baya a gane ba shi ya ɗauki akuyar ba. Shin wannan dukan hukunci ne? Tarihi yana da amsa.

Zamanin ramuwa

Can da, kafin a sami sarki ko alƙali, kowa shi ke rama wa kansa. In aka kashe mutum, danginsa su kashe wani cikin dangin mai kisan. Su ma waɗancan su rama. Gaba ta yi ta tafiya daga kakanni har jikoki. Gonaki su kwana ba noma, rijiya ta gagari mata. Da mutane suka gaji, sai suka ɗauke ramuwa daga hannun dangi, suka sa ta hannun shugaba. Nan hukunci ya samo asali.

Dokar Hammurabi

A birnin Babila, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, an yi wani sarki mai suna Hammurabi, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya sa aka sassaƙa dokoki 282 a jikin wani dogon baƙin dutse. Dutsen yana ajiye a birnin Paris. Dokokin suna da tsanani: wanda ya tsiyaye idon ɗan'uwansa, a tsiyaye nasa. Amma sun sa wa ramuwa iyaka, ido ɗaya a bakin ido ɗaya, ba a ƙone gari ba. Aibinsu shi ne ba su daidaita mutane ba. In idon talaka ko na bawa ne, kuɗi kawai ake biya.

Shari'ar Musulunci

Musulunci ya kasa hukunci kashi uku. Akwai haddi, wanda aka riga aka yanke iyakarsa. Akwai ƙisasi, ga kisa da rauni, inda dangi ke da ikon yafewa ko karɓar diyya. Akwai ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace. A dukansu sai da shaidu ko iƙirarin mai laifi, kuma shakka tana kawar da haddi. Alƙali ke yankewa. Ba a bar wa 'yan kasuwa wannan aiki ba.

A ƙasar Arewa

Mutanen Arewa ma suna da hanyarsu tun kafin zuwan Turawa. Ƙaramar rigima, dattawan gida da mai gari ke kashe ta. Babba kuwa sai gaban Sarkin Arewa a Matankari. In an yi sata ba a san mai yi ba, ko mutum biyu suka yi ta musu, akan tafi wajen Tunguma, dutsen shari'a na Lugu, garin Sarauniya. Malamai ba su yarda da wannan hanya ba, kotu ma ba ta aiki da ita. Amma akwai abin lura a ciki: kakanni sun san sai an nemi gaskiya kafin a taɓa mutum.

Zamanin Turawa

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa Arewa, ta yaƙi Sarauniya a Lugu. A 1906 Turawan Faransa suka mai da mazaunin mulki daga Matankari zuwa Dogon Dutsi. Gidan kaso irin wanda aka sani yau, su suka zo da shi. Kalmar kaso ma daga Faransanci take.

Sun kafa wata doka da suke kira andijena, wadda ta shafi 'yan ƙasa kaɗai. Da ita kumandan yana iya kulle mutum har kwana 15, ya ci shi tara har dala 20, ba alƙali ba shaidu. Jinkirin biyan haraji, ko ƙin fita aikin tilas, ko raina kumandan, duk sun isa. Wannan horo don a tsorata talaka aka yi shi. A 1946 aka soke dokar, aka kuma hana aikin tilas.

Bayan 'yancin kai

Nijar ta sami 'yanci a 1960. Ranar 15 ga Yuli 1961 aka kafa littafin dokar hukunta laifuka na ƙasa. Ya kasa laifuka uku: ƙanana, matsakaita da manya, kowane da gwargwadon horonsa. Ba a hukunta mutum kan abin da doka ba ta riga ta hana ba. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a yi masa hukuncin manya. A 2003 aka yi wa littafin gyara, bautar da mutum ta zama babban laifi. A 2017 aka fito da dokar aikin amfanin jama'a: mai ƙaramin laifi yana iya yi wa gari aiki kyauta a maimakon zaman kaso.

Amfanin hukunci guda biyar

1. Sakayya. Mai laifi ya ɗanɗana daidai abin da ya aikata, ba ƙari.
2. Gargaɗi. Shi da masu kallo su ji tsoron komawa.
3. Tsaro. A raba mugu da jama'a har wani lokaci.
4. Biyan hasara. Mai akuya ya sami akuyarsa ko kuɗinta.
5. Gyaran hali. Wanda ya fito kaso ya koma gona ko sana'a, ya zama mutum.

A 1764 wani masani ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta littafi kan laifi da horo. Ya nuna cewa abin da ke hana laifi shi ne mutum ya tabbata za a kama shi, a yanke masa hukunci ba da jinkiri ba. Tsananin azaba bai kai wannan amfani ba. Ra'ayinsa ya shiga dokokin ƙasashe da yawa.

Abin da ya kamata a riƙe

A auna dukan kasuwa da waɗannan biyar. Duka ba shi da ma'auni, mai satar kaza yana iya rasa ransa. Duka ba ya mai da akuya. Duka ba ya gyara hali, sai dai ya haifi gaba tsakanin dangi da dangi, ko tsakanin manoma da makiyaya. In kuma marar laifi aka daka, ɓarawon gaske yana can yana dariya. Wanda ya yi dukan kuwa, shi ma ya zama mai laifi a gaban doka.

Saboda haka, wanda aka kama da sata a riƙe shi ba duka, a kira mai gari, a miƙa shi ga jandarma. Sarki da mai gari suna da ikon sasanta rigimar gona, aure, gado da bashi. Sata, rauni da kisa kuwa aikin alƙali ne a kotu. Wanda ya gani da idonsa ya je ya ba da shaida. In shaidu sun ɓuya, alƙali ba shi da abin riƙewa, dole ya saki wanda ake tuhuma.

Tambayoyi don masu karatu

1. Me ya sa mutanen da suka bar ramuwa?
2. Mene ne aibin dokar andijena?
3. A lissafa amfanin hukunci guda biyar.
4. In an kama ɓarawo a kasuwa, wa za a kira?