Sabo Wajen Ci da Motsa Jiki: Gargaɗi ga Manoman Birnin Kudu da Gwaram

Ya kai manomi, ka san zanen shanun nan da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Waɗanda suka yi shi sun shuɗe tun zamanin da, amma zanen yana nan. Haka sabo yake a jikin ɗan Adam.

1. Yadda sabo ke kama mutum. Abin da ka yi yau a wuri kaza, lokaci kaza, ka kuma gobe da jibi, sai jiki ya riƙe shi, har ya riƙa yi ba da shawararka ba. A 2009 waɗansu masana a Landan suka gwada, suka ga sabon hali yakan ɗauki wajen kwana 66 kafin ya zauna.

2. Inda ɓarnar take. Da damina kana huɗa, kana firi da maimai, tuwo malmala uku duk ya tafi cikin kunya. Da rani fa? Kana zaune a inuwa, kasuwa ma sai bisa babur, amma malmala ukun nan ba ta ragu ba, ga shayi mai sukari. Abin da jiki bai yi aiki da shi ba, shi ke zama kitse, ya buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari. In maigida ya kwanta, gona ta zama saura.

3. Abin da za ka yi.
(a) Ka ɗaura sabon hali jikin tsohon. Kullum bayan la'asar ka taka zuwa gona ko fadama da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, watau rabin sa'a kwana biyar.
(b) Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da na ɗunƙule. A rage kaɗan kaɗan, harshe zai saba.
(c) Da rani ka rage tuwo, ka ƙara wake da zogale da rama.
(d) In ka fasa rana ɗaya, kada ka fid da rai, gobe ka koma.

4. Ku dagatai da masu unguwa, ku za ku fara, gama talakawa sawunku suke bi. Ku tura magidanta asibiti a auna jininsu. Yara kuwa a saba musu tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.