Kufan Hohokam da ke Ƙarƙashin Birnin Finiks

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ilmin haƙo kayan tarihi ke ceto labarin al'ummar da ba ta bar rubutu ba. Misalin da za a duba shi ne Finiks, babban birnin Jihar Arizona ta Amurka, wanda aka kafa a bisa kufan mutanen Hohokam.

Mutanen da Aikinsu

Hohokam manoma ne da suka shafe sama da shekara 1000 a kwarin kogunan Salt da Gila, har zuwa wajejen 1450. Da yake ƙasar hamada ce, sai suka haƙa magudanan ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita, da sanduna da duwatsu kawai, suna noma masara da wake da kabewa da auduga. A 1867 Jack Swilling ya yashe wasu daga cikin magudanan don ban ruwa, daga nan sabon gari ya tashi. Shi ya sa aka raɗa masa sunan tsuntsun almara mai tasowa daga tokarsa.

Haƙon La Ciudad

Dokar kare kayan tarihi ta 1966 ta wajabta a yi bincike kafin a soma aikin da gwamnatin tarayya ta sa kuɗi a ciki. Saboda haka, da aka tashi shimfiɗa babbar hanyar mota ta tsakiyar birnin, masanan Jami'ar Jihar Arizona suka haƙa kufan La Ciudad a 1982 da 1983, ƙarƙashin jagorancin Glen Rice.

Akan fara kwashe ƙasar sama da mota, sannan a koma ga shebur da rariya. Ɗakunan Hohokam a cikin rami marar zurfi ake kafa su da itace da jan ƙasa, don haka abin da ke saura shi ne daɓe da gurbin murhu da ramukan dirka. An lura cewa ɗakunan rukuni-rukuni suke, ƙofofinsu na fuskantar tsakar gida guda, ga maƙabarta da juji a kusa. Daga nan masana suka fahimci tsarin iyali. Canjin zanen da ke jikin tukwane kuwa shi ke taimakawa wajen tantance zamani.

Kammalawa

Haƙo ba ya maimaituwa: abin da ba a rubuta ba kafin a zuba kwalta, ya tafi ke nan. Sannan kufan na da magada, wato O'odham, waɗanda ke kiran kakanninsu Huhugam. Dokokin 1990 sun ba su haƙƙin karɓar ƙasusuwan da aka tono, kuma a 2023 aka sauya sunan gidan tarihin Pueblo Grande zuwa S'edav Va'aki, da harshensu. Wajibi ne mai nazari ya riƙe amana biyu: ta ilmi, da ta masu kabari.