Yadda Ake Shirya Iyali Don Ɗaukar Hoto a Situdiyo Cikin Minti 20

A gidaje da yawa sai lokacin Sallah ko biki ake samun kowa ya hallara: Kaka ta zo daga ƙauye, Yaya ya dawo daga wurin aiki, ƙanne sun samu hutun makaranta. Idan aka ce a yi hoton iyali, yawanci matashin da ya fi kowa sanin waya ake ɗora wa aikin. Mai hoto kuma ba shi da lokaci mai yawa, domin a irin wannan rana layi ne a bakin situdiyo. Idan hoton ya lalace, ba lallai ne a sake haɗa waɗannan fuskoki wuri guda ba. Shi ya sa yawancin aikin a gida ake gama shi, kuma wayar hannu ta isa.

1. A rubuta jerin hotuna tun a gida

A buɗe manhajar rubutu ta waya a jera hotunan da ake so, kada su wuce biyar ko shida. Na farko shi ne na kowa da kowa, tun yara ba su gaji ba. Sai na tsofaffi da jikoki, don a sallami Kaka ta huta. Sauran su biyo baya. A tura wa mai hoto jerin kwana ɗaya kafin ranar, tare da adadin mutane, don ya tanadi kujeru da bangon da zai ɗauke su.

2. A gwada tufafi da kyamarar waya

Ido da kyamara ba iri ɗaya suke gani ba. Yadi mai ƙananan layuka a matse yakan fito da wasu igiyoyi masu kala a hoto, waɗanda babu su a jikin kayan. Shadda mai ƙyalli tana mayar da hasken filasha, gilashin ido ma haka. Idan kuma kowa ya sa fari fat, kyamara takan rage haske saboda kayan, sai fuskoki su yi duhu. Maganin abin shi ne a shimfiɗa kayan kowa wuri ɗaya, a ɗauka da filasha da kuma babu filasha, a faɗaɗa hoton a duba. Kala biyu ko uku da suka dace da juna sun wadatar.

3. A zaɓi lokaci

Idan a tsakar gida za a yi, a guji rana tsaka. Hasken da ke saukowa daga sama yana sa inuwa a ƙarƙashin ido, ga kuma runtse ido da gumi. Bayan la'asar, kamar awa ɗaya kafin magariba, haske ya fi taushi. Yara su ci abinci su yi barci tukuna, kuma kada a ba yaro waya don ya yi shiru, domin karɓe ta a gaban kyamara kuka ne. Masu son ɗauka da wayoyinsu su dakata har mai hoto ya gama, in ba haka ba idanu za su rabu, kowa na kallon wata kyamara daban.

4. A faɗi inda hoton zai je

Yawancin manyan kyamarori suna ɗaukar hoto a ma'aunin 3:2. Firam mai inci 8 da 10 kuwa ma'auninsa 5:4 ne, allon Status na WhatsApp kuma 9:16 a tsaye. Wato dole a yanke gefe. Idan aka cika hoton da mutane har baki, wanda ke ƙarshen layi zai rasa kafaɗa, ko ya fita gaba ɗaya. A gaya wa mai hoto ya bar fili hagu da dama, ya kuma ɗauki guda ɗaya a tsaye.

5. A karɓi hoton yadda ya dace

Nan ne aka fi yin asara. Don hoto ya fito tas a takarda ana buƙatar fiksel 300 a kowane inci, wato inci 4 da 6 na son fiksel 1,200 da 1,800, inci 8 da 10 kuma 2,400 da 3,000. Idan aka turo hoto ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi, dogon gefensa ya koma kusan fiksel 1,600. A allon waya zai yi kyau, amma ranar da aka wanke shi babba don bangon falo sai a ga dishi-dishi. Maɓallin HD da aka ƙara a 2023 ya rage matsalar, sai dai shi ma yana matsewa. Abin da ya fi shi ne mai hoto ya turo ta zaɓin Document, ko ta Google Drive, ko ya zuba a filas. Fayil ɗin JPEG mai cikakken girma ya isa. RAW na masu gyaran hoto ne, kuma yana cin wuri.

Da an karɓa, a ajiye a wuri biyu. Google na ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, don haka ɓatan waya ko lalacewarta ba zai tafi da hoton ba.

6. A yi magana kafin a biya

A tambayi hotuna nawa za a gyara, yaushe za su fito, da ko kuɗin ya haɗa da wankewa. A kuma roƙi kada a goge fuska har ta canza kala, domin jikoki suna son ganin Kaka yadda take. Masu hoto da yawa suna tallata aikinsu a Instagram da Facebook, saboda haka idan maigida ko matan gidan ba sa son a sa hotonsu, a faɗa tun kafin a danna kyamara.