Daga littafi zuwa silima

Ƴan'uwa masu koyon karatu, yawancinmu mun san silima tun kafin mu san baƙi. A nan Yamai, dattawa suna tuna lokacin da ake cika gidajen silima don kallon fim ɗin Indiya. Daga baya kaset ɗin Kano ya shigo kasuwa, kowa ya koma gaban tele a gida. Amma kun san da yawa daga cikin labaran nan a takarda aka fara rubuta su?

Mu ɗauki In Da So Da Ƙauna. Ado Ahmad Gidan Dabino ne ya rubuta shi a Kano, ya fito a 1991. A 1994 aka mayar da shi fim. Labarin Sumayya ne, ɗiyar masu hali, da ta ga wani saurayi talaka mai suna Muhammad, ta ce shi take so. Shi kuwa ya san matsayinsa, sai ya riƙa ja da baya. Ga kuma Abdulƙadir, mai kuɗi, yana neman aurenta, kakarta na goyon bayansa. Da aka matsa wa Sumayya, sai ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwananta, aka fiddo ta da rai.

Wannan wuri na rijiya ya tayar da magana sosai. Wasu iyaye suka ce littattafan soyayya suna koya wa yara taurin kai. Wasu suka ce a'a, auren dole ne ya kai yarinya bakin rijiya, littafi faɗa kawai ya yi. Ni dai a ganina, uban da ya karanta wurin nan da kansa zai daɗe yana tunani kafin ya ba da ɗiyarsa ga wanda ba ta so. Ku kuma lura, shi marubucin a ajin manya ya koyi boko, kamar yadda kuke yi yanzu.

Haka ma Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta, aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu. Littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne ya fito a 1990, ya zama fim a 1998. Shi ba labarin samari ba ne. Labarin Rabi ne, uwar ƴaƴa tara, wadda mijinta ya kora saboda amarya.

Indiyawa ma haka suke yi. Devdas littafi ne na 1917, da harshen Bengali. An yi fim ɗinsa sau da dama. Dilip Kumar ya fito a na 1955, Shah Rukh Khan a na 2002. Devdas da Paro tare suka tashi, amma iyayensa suka ƙi auren, aka ba da ita ga wani. Ya faɗa shan giya har ta cinye shi. A ƙarshe ya ja jiki ya zo ƙofar gidan mijinta, don ya cika alkawarin da ya yi mata na zuwa kafin ya mutu. Paro ta ji labari, ta sheƙo da gudu, aka rufe ƙofa a gabanta. Wanda ya ga wurin nan ba ya manta shi.

To, fim da littafi ba su zama ɗaya. Fim awa biyu ne ko uku, dole a yanke wasu wurare. Wani lokaci kuma a ƙara. A fim ɗin 2002, Paro ta yi rawa tare da ɗaya matar, Chandramukhi, alhali babu wannan a littafin. Fim yana nuna maka fuska da hawaye. Abin da ke cikin zuciyar mutum kuwa, littafi ya fi faɗinsa dalla-dalla, kuma kana iya komawa baya ka sake karantawa.

Aikin gida: ku zaɓi fim ɗaya na soyayya da kuka taɓa gani. Ku rubuta layi biyar a kan wurin da ya fi tsaya muku a rai. Wa ke wurin? Me ya faru? Ku zo da shi mu karanta a aji.