Motsa Jijiya da Lantarki ta Fata Domin Neman Barci

Motsa jijiya da lantarki ta fata hanya ce ta jinya wadda ake manna wasu ƙananan faifai masu danƙo a jikin mutum, a haɗa su da siririyar waya zuwa na'ura mai aiki da batir, ita kuma ta riƙa sakin lantarki mai rauni ƙwarai a guntu-guntu, wanda ke ratsa fata ya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ana auna ƙarfinsa da miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, kuma abin da majiyyaci ke ji idan an murɗa maɓallin sannu a hankali shi ne tsikari kamar tafiyar kiyashi a kan fata. Da zarar tsikarin ya koma zafi, ko tsoka ta soma fizga ba da nufin mai jinya ba, to an wuce ƙima. Ma'aikatan sashen gashi sun daɗe suna amfani da wannan hanya wajen rage ciwo, amma a 'yan shekarun nan tambayar da majiyyata ke zuwa da ita ta sauya, domin tallace-tallacen intanet sun cika da na'urorin da ake cewa suna sa barci, kuma wanda ya yi watanni yana kwana ido biyu ba ya da wuyar gamsarwa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1950 likitocin Tarayyar Sobiyet suke gwada abin da suka kira barcin lantarki, inda ake sa faifai a kan fatar ido da bayan kunne, kuma daga nan ne aka samo na'urorin zamani irin su Alpha-Stim waɗanda ake maƙalawa a leɓatun kunne. A shekarar 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya irin waɗannan na'urori, idan don rashin barci ko fargaba za a yi amfani da su, a rukunin masu matsakaicin haɗari. Masu talla sukan ɗauki wannan mataki su mayar da shi shaidar cewa na'urar tana warkarwa, alhali rarraba na'urori rukuni-rukuni magana ce ta irin sa idon da za a yi musu, kuma yawancin gwaje-gwajen da aka yi a kansu ƙanana ne, sakamakonsu ma bai dace da juna ba.

Inda bincike ya fi armashi a yanzu shi ne jijiyar begas, ta goma cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda ke sauka ta wuya ta isa zuciya da huhu da hanji. Ita ce babbar hanyar sashen jijiyoyin da ke kwantar da jiki, wato wanda ke rage bugun zuciya ya kuma shirya ciki domin narka abinci, kishiyar sashen da ke zaburar da mutum lokacin tsoro ko fushi. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na zaruruwanta saƙo suke kaiwa daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wani ɗan reshenta yana zuwa har fatar kunne, musamman ɗan kwarin nan da ke sama da ƙofar kunne, wanda wuri ne da ake iya taɓa jijiyar ba tare da tiyata ba. Hujjar masu wannan bincike ita ce, mai fama da rashin barci na dindindin jikinsa a zabure yake dare da rana, saboda haka idan aka riƙa motsa reshen kunnen a kai a kai, ana sa ran ƙwaƙwalwa za ta karkata zuwa natsuwa. Wani gwaji da aka yi a birnin Beijin na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a ƙarshen 2024, ya raba majiyyata 72 gida biyu, aka yi wa rabi jinyar gaske ta minti 30 sau biyu a rana har mako 8, sauran kuma aka sa musu na bogi, sai aka tarar rukunin farko ya fi samun sauƙi a ma'aunin ingancin barci na Pittsburgh, wanda tambayoyi ne da majiyyaci ke amsawa da kansa. Sakamakon abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai mutum 72 a asibiti guda ba su isa a yanke hukunci a kan kowa ba, kuma akwai wata matsala da ke bin duk irin wannan gwaji, domin wanda ke jin tsikari a kunnensa yana iya gane cewa shi ne ake wa jinyar gaske, sa rai kuwa shi kaɗai yana gyara barcin mutane da yawa. Ko a wannan gwajin ma, waɗanda aka sa wa na bogi sun ɗan samu sauƙi.

Abin da aikin yau da kullum a sashen gashi ya fi tabbatarwa shi ne amfanin lantarki ga wanda ciwo ne ke hana shi barci. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar da bayanin da ake kira ƙa'idar ƙofa, wadda ke cewa saƙon taɓawa da ke bin manyan zaruruwan jijiya yana iya toshe wa saƙon ciwo hanya a cikin laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma a kan wannan ne aka gina na'urar TENS, wato mai motsa jijiya ta fata domin rage ciwo. Dattijuwa mai amosanin gwiwa wadda ke farkawa duk sanda ta juya, idan aka goge mata fata, aka manna faifai biyu a gefe da gefen ƙoƙon gwiwar, aka bar na'urar ta yi rabin sa'a kafin ta kwanta, tana iya samun sa'o'in farko na dare cikin sauƙi. A nan lantarkin bai sa barci ba, abin da ke korar barcin ya rage, kuma sauƙin yakan gushe bayan ɗan lokaci, ba kowa ma yake samunsa ba. Haka yake ga ciwon ƙafa mara natsuwa, inda mutum ke jin dole sai ya motsa ƙafafunsa da zarar ya kwanta: a 2023 Amurka ta amince da wata na'ura da ake ɗaurawa ƙasa da gwiwa domin motsa jijiyar gefen ƙwauri, amma kafin a kai ga nan wajibi ne a auna sinadarin ƙarfe na jini, domin ƙarancinsa na daga manyan dalilan ciwon, musamman ga masu juna biyu.

Haɗari ya fi yawa ga mai munshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya wayi gari da ciwon kai da gyangyaɗi. Matsalarsa ita ce maƙogwaro na rufewa, kuma barinta ba magani yana da alaƙa da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Akwai na'urar Inspire da aka amince da ita a Amurka a 2014, wadda ke motsa jijiyar harshe, amma dasa ta ake yi da tiyata. Gwajin motsa tsokar harshe ta fatar ƙarƙashin haɓa da aka yi a Landan ya taimaki wasu ne kawai. Maƙala abu a kunne ba ya buɗe maƙogwaro, illa dai ya jinkirta zuwa asibiti.

Shi ya sa ma'aikacin lafiya mai lura ba ya fara magana da na'ura. Ana kiran rashin barci na dindindin ne idan ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, kuma tun 2016 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar a fara da jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ta ƙunshi tsayar da lokacin tashi guda kullum, da barin gado idan barci ya ƙi zuwa, da rage tsawon kwanciya har barcin ya haɗu. A ƙasar Hausa sau da yawa tambayoyin farko kan warware rabin matsalar, domin goro da shayi mai kauri na bayan isha'i duk suna ɗauke da kafin, sinadarin da rabinsa kan rage a jini bayan kimanin sa'o'i biyar, kuma ƙwayoyin barci irin su dayazifam da ake saya a kemis ba da takardar likita ba suna kama jiki, har barinsu farat ɗaya ya zama haɗari.

Wanda aka ga ya dace ya gwada lantarki, akwai iyakokin da ba a tsallakewa. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ko wata na'urar lantarki da aka dasa a jiki ba ya amfani da shi, mai farfaɗiya da mai juna biyu da mai ciwon zuciya kuwa sai da izinin likita. Ba a manna faifai a gaban wuya, domin a nan ne jijiyoyin da ke sarrafa hawan jini suke, kuma motsa su na iya sa mutum ya faɗi a sume. Haka ba a sa su a kan ido, ko a kan rauni, ko a fatar da ba ta jin taɓi, kamar ƙafar wasu masu ciwon sukari. Na'urar TENS ta ciwon baya ba a yi ta don kai ko kunne ba, kuma a Najeriya ya kamata mai saye ya nemi shaidar rajistar NAFDAC. Ana so majiyyaci ya rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa da yawan farkawarsa na mako biyu kafin a fara, a ci gaba da rubutun yayin jinyar, idan kuma mako shida zuwa takwas suka wuce takardar ba ta nuna canji ba, a ajiye na'urar a koma binciken dalilin rashin barcin.