Na'urar Awon Jini da Wayar Hannu Wajen Jinyar Tsofaffi

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu su karanta, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa, har magana ta kai cikin gidaje. Ranku ya daɗe, kun fi kowa sanin yadda zaman ƙauye ya sake. Gida mai 'ya'ya maza biyar, sai ka tarar huɗu suna Kano ko Ikko ko Fatakwal wajen neman abinci, an bar tsoho da tsohuwa a hannun suruka ɗaya, ko wata jika da ba ta wuce shekara 15 ba. Ita ce mai girki, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce kuma za ta tuna da maganin Baba. 'Ya'yan da ke nesa ba tausayi suka rasa ba, labari ne ba ya isa gare su sai ciwo ya riga ya kwantar da tsoho.

Akwai kayan zamani guda biyu da su ke rage wannan wahala, kuɗinsu kuwa bai fi ƙarfin 'yan'uwa ba in sun haɗa hannu, watau na'urar awon jini da wayar hannu. Na ukunsu littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta. In babu shi, amfanin waɗancan biyun kaɗan ne.

HAWAN JINI

Wannan cuta tana cikin waɗanda suka fi kama tsofaffi, mugun halinta kuwa shi ne yawanci ba ta nuna alama. Mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci, yana zaman fada, alhali jini yana ta matsa wa jijiyoyinsa shekara da shekaru, yana ɓata zuciya da ƙoda da idanu. Ran nan sai a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda sun mutu. Shi ne shanyewar ɓarin jiki, wanda mutanenmu da yawa su ke ɗora wa iska ko sammu. Wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san nauyinta: ɗagawa, juyawa, wanki dare da rana, wani lokaci har shekaru. Sabo da haka awon da za a yi cikin minti goma ba ƙaramin abu ba ne ga matan gida.

Na'urar 'yar ƙarama ce, tana aiki da batir, tana da ɗamara wadda a ke naɗawa a damtse. A nemi ta damtse, ta fi ta wuyan hannu faɗin gaskiya. In an danna, sai ta hura ɗamarar da kanta, ta sake, ta nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Likitoci suna kiran jini ya hau in awon asibiti ya riƙa kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita cikin kwanaki dabam dabam.

To, ga inda a ke yawan kuskure. Kada a auna tsoho yana shigowa daga rana, ko yana tsakiyar faɗa da jikoki. A zaunar da shi a kujera mai majingini, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya huta minti 5. A naɗa ɗamarar a kan fata, ba bisa hannun riga ba, a ɗora hannun a kan tebur ko matashi yadda damtse zai yi daidai da ƙirji. Kada ya yi magana sa'ad da na'ura ta ke aiki. Kada kuma ya ci goro ko ya sha taba ko shayi cikin rabin sa'a kafin awo. Na san wannan na goro shi ne zai jawo gardama, amma goro yana ɗaga lambar na ɗan lokaci, sai a rubuta abin da ba shi ne ba. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin shan magani, da kuma maraice. Ran da za a je asibiti a tafi da na'urar, malamin asibiti ya gwada ta da tasu.

In lamba ta kai 180 bisa 120, a bar shi ya huta a sake. In ba ta sauka ba a kai shi asibiti a ranar. Amma in tare da ita akwai ciwon ƙirji, ko numfashi sama sama, ko gani ya dushe, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, to, babu jira ko na sa'a guda, kuma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin mai shanyewar jiki ya kan shaƙe.

LITTAFI

A ja layi huɗu a kowane shafi: rana, lokaci, lambar awo, da ko an sha magani. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, lambobin kaɗai zai kwafa yadda ya gan su. Amma lalle aikin ya zama na mutum ɗaya wanda aka ambaci sunansa a gaban kowa. Na sauka wani gida inda 'ya'ya suka sayo na'ura mai tsada, na tarar da ita cikin kwalinta a ƙarƙashin gado, batir ya zube a ciki, kowa yana tsammani wani ne ke awon.

Littafin nan shi ne ke tona asirin tsohon da ya bar magani a ɓoye. Suna bari kuwa, kuma ba kullum don taurin kai ba. Wani magani ya kan sa yawan fitsari, dattijo ya ga alwalarsa ba ta tsayawa. Wani, kamar amlodifin, ya kan kumbura ƙafa. Wani, kamar lisinofiril, ya kan kawo busasshen tari. Duk waɗannan likita yana iya sauya su da wani iri in an gaya masa. Wanda ya fi haɗari shi ne mai cewa ya warke tun da lamba ta sauka, alhali maganin ne ya saukar da ita. Haka nan a rubuta in ya sha maganin ciwon gwiwa irin su diklofenak da ibufurofen, gama suna ɗaga jini, suna kuma taɓa ƙoda. In watan azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a mai da lokacin shan magani. Mai girki kuma ta rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

WAYAR HANNU

Tun 2001 da wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya, ta kai inda wasiƙa ba ta taɓa kaiwa ba. A sa mata ƙararrawa ta lokacin magani, a daidaita ta da bayan sallar Asuba ko ta Magariba, don tsoho ya fi riƙe lokacin salla da na agogo. Kowace Juma'a mai jinya ta ɗauki hoton shafin makon ta aika wa 'ya'ya ta WhatsApp, ko ta karanta musu lambobin da murya. Da haka ɗan da ke Ikko zai ga jini ya fara hawa tun da sauran dama, ya aiko da kuɗin mota. Shi kansa tsohon ƙaramar waya mai manyan maɓallai ta fi masa. A ɗaura lambar mai jinya a kan maɓalli ɗaya, ta babban ɗa a kan na biyu. A ajiye lambar wani direba na gari wanda zai amsa kira da tsakar dare. Fitila mai cajin rana tana cika wayar, tana kuma haska hanyar bayan gida, inda tsofaffi su kan faɗi su karye a ƙugu.

Ina roƙon 'ya'ya abu guda: in sun buga waya, kada su tsaya ga gaida Baba kaɗai. Su nemi wadda ta ke jinyar su tambaye ta gajiya, su ji ko tana samun barci, su shirya wanda zai karɓe ta kwana biyu ta je ganin gida.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi shafar hakimai, don gabansu ƙara za ta zo. Tun cikin Disamba 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka a tabbata layin tsoho da sunansa ya ke, ba da na wani yaro ba. Macuta suna buga wa tsofaffi waya su ce daga banki ne, su nemi lambar sirri ta kati ko lambar da aka turo ta saƙo. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya. Ya kamata a yi shelar haka a kasuwa da masallatan Juma'a. Kuɗin magani kuwa a riƙa tura shi hannun mutum ɗaya, a rubuta shigarsa da fitarsa a shafukan baya na littafin awo, rasit na kemis a liƙe a wurin.

Malamin hakimi, in za ka fita rangadi, ka nemi malamin ɗakin shan magani na gunduma ya biyo ka da na'urarsa. Ya nuna awon a gaban dagaci, ya fara da damtsen dagacin kansa, sa'an nan a kira matan da ke jinya su gwada da hannunsu har sau biyu ko uku. Kai kuma ka ja musu layukan shafin farko kafin ka tashi.